Giyar Jamus da Tukunyar Bilbil a Garwa

Garwa tana bakin Kogin Binuwai ta arewa, a hannun dama in mutum yana bin ruwa zuwa Yola. Jamusawa sun riƙe garin shekara 14, daga 1901 zuwa 1915. An kuwa san Bajamushe da iya dafa giya kamar yadda aka san Bahaushe da fatauci, Bafillace da shanu. Inda suka zauna a ƙasar Sin, a garin Tsingtao, sun kafa gidan dafa giya a 1903, har wa yau ana sayar da giyar da sunan garin. A ƙasar da ake kira Namibiya yanzu ma haka suka yi. Amma a Garwa ba su bar gidan dafa giya ba, ba su kuma koya wa kowa irin tasu dahuwar ba. Tukunyar da suka tarar a kan murhu, ita suka bari a kan murhu sa'ad da aka kore su. Dalilin wannan ya isa a bincika, gama labarin ya taɓa rumbun hatsi, da aljihun mata, da kuma zaman ikkilisiya a arewacin Kamaru.

Abin da Jamusawa suka tarar

Kafin Fulani su kafa mulkinsu a kwarin Binuwai, Falawa da Batawa ne suke zaune a wurin. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usman ɗan Fodiyo, ƙasar ta zama ta lamidai, aka kafa Yola a 1841, Garwa kuwa ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da suke binta. A cikin garin lamiɗo giya haram ce. Amma da mutum ya fita bayan ganuwa, ko ya hau dutsen Tinguelin, ko ya nufi Duwatsun Mandara, sai ya tarar babu wani babban al'amari da yake wucewa ba tare da giyar dawa ba. Fulani suna ce mata mbal, Mafawa suna cewa zom, a kasuwa kuwa sunan da ya bi gari shi ne bilbil. Ita ce dai 'yar'uwar burkutun da aka sani a Nijeriya.

A wurin mutanen nan giya ba abin shaye-shaye kaɗai ba ce. Da ita ake biyan 'yan gayya in an yi noma ko an rufe ɗaki. Da ita ake neman aure, da ita ake sulhu, da ita ake sallamar mamaci. A wurin Mafawa akwai tukwanen da suke tsaye a madadin kakanni, a cikinsu ake zuba giyar hadaya. Kapsiki kuwa, waɗanda 'yan'uwansu na Nijeriya ake kira Higi ko Kamwe, sun raba giya kashi biyu: ja, wadda namiji yake dafawa domin al'ada, da fara, wadda mace take dafawa ta kai kasuwa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin in ba haka ba, ba zai gane nauyin abin da aka roƙi sabon mai bi ya bari ba.

Dahuwar kanta aiki ne na kusan mako guda. Mace takan auna jar dawa, wadda Fulani suke kira njigaari, ta jiƙa ta ta kwana. Sa'an nan ta tsame, ta baza a inuwa, ta rufe da ganye ko tsohon buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana 3 ko 4 dawar ta yi tsiro. Sai ta shanya a rana har ta bushe sarai, ta murje saiwoyin, ta ɓarza. Murje saiwoyin nan ba ado ba ne. Ɗanyen tsiron dawa yana da dafi, shi ne yake kashe akuya ko saniya in ta ci sabon tohon dawa a gona. Murzawa da doguwar tafasa su ne suke kawar da shi.

Me ya sa sai an sa dawa ta yi tsiro? Ƙwayar hatsi cike take da sitaci, yisti kuwa ba ya iya cin sitaci, sai sukari. Sa'ad da ƙwaya ta fara tsiro, takan fitar da wani sinadari mai mayar da sitaci sukari, domin ta ciyar da ɗan tohon. Mai dafa giya takan bar ƙwayar ta fitar da sinadarin, sa'an nan ta tsayar da ita da zafin rana kafin tohon ya cinye abincin.

A nan ne gwanintar take. Mace takan dama garin tsiron da ruwa cikin randa, ta bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama, ta kwashe shi a hankali, ta ajiye gefe, ba ta ɗora shi a wuta ba. A wasu wurare akan sa ɓawon dargaza ko karan kuɓewa domin yauƙinsu ya taimaki garin ya kwanta. Gasarar da ta zauna a ƙasa ita ake dafawa har ta yi kauri kamar kunu. In ta ɗan huce, sai a mayar da ruwan nan na fari a kai, a gauraya, a bari. Kafin a jima kunun ya tsinke, ya yi zaƙi. Masana na zamani sun bayyana dalilin: sitacin dawa ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa 80, amma a wannan zafi sinadarin nan mai mayar da shi sukari yakan lalace. Yawancin sinadarin kuwa cikin ruwan sama yake. Da aka kwashe ruwan aka dafa gasarar dabam, an tsirar da ɗaya, an dafa ɗayan. Matan Mandara da na Binuwai ba su da ma'aunin zafi, ba su san sunan sinadarin ba, amma sun warware matsalar tun kaka da kakanni.

Daga nan a bar shi ya kwana ya yi ɗan tsami, a tace ta cikin kwandon ciyawa, a tafasa ruwan sa'o'i da yawa, abin da yake cin itace ba kaɗan ba. In ya huce a zuba yisti da yamma. Da gari ya waye tukunya tana kumfa tana huci, an fara sayarwa. Ƙarfinta bai cika wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 ba. Ba ta kuwa jira: wadda ba a sha yau ba, gobe ta yi tsami, jibi sai zubarwa.

Zuwan Jamusawa

Bajamushen da ya fara ganin Binuwai a wannan yanki shi ne Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim. Ranar 18 ga Yuni 1851 ya haye kogin a inda Faro take shiga cikinsa, yamma da Garwa. A 1884 Jamus ta kafa tuta a Duwala, a bakin teku. A 1893 ayarin Uechtritz da Passarge ya iso Garwa, a shekarar kuma Ingila da Jamus suka ja iyaka, Yola ta faɗa hannun Ingila, yawancin garuruwan da suke binta suka faɗa hannun Jamus. A Satumba 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya gudu gabas, Jamusawa suka karya rundunarsa kusa da Garwa a Nuwamba, sa'an nan Hans Dominik ya sāke karya shi kusa da Marwa a Janairu 1902. Garwa ta zama mazaunin razdan na Adamawa.

A bakin teku, tun kafin tuta, Jamus ta riga ta iso cikin kwalba. Ba giya ba, barasa ce mai zafi, mai araha, wadda 'yan kasuwar Hamburg irin su Adolph Woermann suke kawowa jirgi jirgi suna musaya da manja. Mutanen mishan na Jamus sun yi faɗa da wannan ciniki ƙwarai. Franz Michael Zahn, shugaban mishan na Bremen, ya yi jayayya da Woermann a rubuce a 1886. A 1890 kuwa ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta ce kada a shigar da barasa mai zafi a yankunan Afirka da ba su riga sun saba da ita ba. Ƙasashen Musulmi na arewa suna cikin wannan. Jamusawan Garwa kuma ta hannun lamidai suke mulki, ba su so su ɓata musu rai. Saboda wannan dalili ne ma ba su buɗe wa mishan ƙofar arewa ba.

Su kansu kuwa ba su da yawa. Sa'ad da Kyaftin von Crailsheim ya miƙa Garwa ga sojojin Ingila da Faransa ranar 10 ga Yuni 1915, Turawan da aka kama 37 ne. Ba a gina gidan dafa giya domin mutum 37. A Namibiya Jamusawa dubbai ne suka zauna da iyalansu. A Garwa hafsoshi ne da 'yan kasuwa, kowa yana ƙidaya watannin da suka rage masa ya koma gida. Giyar da ake aikawa ƙasashen zafi a zamanin, ta kwalba ce daga garuruwa irin su Bremen da Hamburg, wadda aka ɗumama bayan an rufe ta domin ta jure tafiya. Kayan Garwa kuwa ta Kwara da Binuwai suke hawowa, jirgin ruwa ba ya isowa sai da cikar kogi, wajen Agusta da Satumba. Abin da bai iso a watannin nan ba, sai baɗi.

Giyar Kolon

Cikin dukan giyar Jamus, wadda ta fi kusa da bilbil a hali ita ce ta birnin Kolon, a bakin Kogin Rayin, wadda suke kira Kölsch. Fara ce tas, launin zinariya, ba ta da nauyi, ƙarfinta wajen kashi 5 cikin 100, ana shanta cikin siririn kofin gilashi mai cin kashi ɗaya cikin biyar na lita.

Yisti iri biyu ne a wurin masu dafa giya. Akwai mai aiki cikin ɗumi, mai tasowa sama da kumfa. Akwai mai aiki cikin sanyi, mai kwanciya a gindin ganga. Na biyun shi ya bazu daga Bavariya ya cinye duniya, musamman bayan Carl von Linde ya ƙera injin sanyi a shekarun 1870. Kusan duk farar giyar kwalba da ake gani a kanti a yau tasa ce. Mutanen Kolon kuwa suka ƙi. Tun 1603 majalisar birnin ta hana dafa giya da yistin ƙasa. Da farar giyar zamani ta zo tana ƙwace musu kasuwa, sai suka yi dabara: suka riƙe tsohon yistinsu na sama, amma suka ari farin tsiro da ajiyar sanyi daga wurin abokan gasarsu. Gidan Sünner ya fara dafa irin wannan a 1906, ya sa mata sunan Kölsch a 1918. Wato lokacin da Jamusawa suke zaune a Garwa, giyar nan jaririya ce ko a garinsu. A 1986 gidajen dafa giya 24 suka sa hannu a wata yarjejeniya mai faɗin abin da ya cancanci a kira shi da sunan.

Yistin Kolon, da na bilbil, da na mai burodi, duk zuriya ɗaya ne. Hanyar ma ba ta yi nisa da juna ba. Bajamushe yakan jiƙa sha'ir, ya sa ya yi tsiro, ya busar, ya ɓarza, ya dama da ruwan zafi. Tsohuwar hanyar Jamus har ma tana ɗibar wani kashi na gasarar a tafasa shi dabam a mayar cikin sauran, kusan abin da mace take yi a Garwa. Wanda yake so ya dafa lita 20 a gida yana bukatar wajen kilo 4 na farin tsiron sha'ir, wani lokaci da ɗan tsiron alkama. Zai riƙe damun a zafin digiri 63 zuwa 70 kamar sa'a guda, ya tace, ya tafasa ruwan sa'a guda ko fiye. Cikin tafasar nan ne yake jefa abin da bilbil ba ta da shi, wato furen wata yaɗuwa mai ɗaci da ƙanshi wadda Jamusawa suke kira Hopfen, ɗan kaɗan, bai fi giram 30 ko 40 ba. Furen yana ba da ɗaci, yana kuma hana ƙwayoyin da suke sa tsami. Dokar Bavariya ta 1516 ta ce kada a sa kome cikin giya sai sha'ir, da furen nan, da ruwa. Ba ta ambaci yisti ba, gama sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur ya tabbatar cewa abu ne mai rai, shi ne kuma yake yin aikin.

Har zuwa nan, mace mai bilbil za ta iya binsa ƙafa da ƙafa. Inda hanya ta rabu shi ne bayan an sauke tukunya. Giyar Kolon tana so a sanyaya ta zuwa digiri 15 ko 18, yisti ya yi aikinsa a hankali kamar mako guda, sa'an nan a ajiye ta kusa da sanyin ƙanƙara mako 3 ko 4, har ta kwanta ta yi garau. A Kolon ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ƙanƙarar damuna tasu ta sanyi suna yin rabin aikin kyauta. A Garwa fa? A watan Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Ko da hunturu, in dare ya yi sanyi, rana tana komawa sama da 30. Randa tana sanyaya ruwan sha, amma ba ta kai shi inda ake so. In aka sa yistin nan cikin zafi haka, sai ya yi aikin mako guda cikin kwana ɗaya ko biyu, giyar ta fito da wari mai kaifi da sa ciwon kai, ƙwayoyin tsami kuma su shiga su gama da sauran. Ga shi kuma sha'ir ba amfanin kwarin Binuwai ba ne, furen ɗacin nan kuwa yana son ƙasashe masu doguwar rana da bazara, ba ya yin kirki kusa da tsakiyar duniya.

Saboda haka kuskure ne a ce bilbil giya ce wadda ba a iya dafawa ba. Bajamushe ya yi yaƙi da tsami da sanyi da ɗaci, domin giyarsa ta yi wata da watanni. Macen Garwa, da ba ta da sanyi, ta jawo tsamin ya zama mai tsaron tukunya, gama ɗan tsamin nan shi yake hana munanan ƙwayoyi, ta kuma dafa daidai abin da za a shanye a yini. Kowannensu ya amsa wa ƙasar da yake zaune a cikinta.

Mishan da tukunya

Bishara ta shigo arewacin Kamaru bayan Jamusawa sun tafi. Berge Revne da matarsa Herborg, na mishan ɗin 'Yan'uwa Lutheran daga Amurka, sun iso yankin a 1920, suka fara a Lere cikin Cadi ta yanzu, daga baya aikin ya bazu zuwa Yagwa da Garwa da Kaele. A 1923 Adolphus Gunderson ya fara aiki a kudancin Adamawa, mutanen Norwe suka zo Ngaundare a 1925. 'Yan Adbentis suka zauna a Dogba, kusa da Marwa. Katolika kuwa sai a 1946 suka iso da ƙarfi, sa'ad da Fada Yves Plumey ya kawo ƙungiyar Oblat daga Faransa. Shi ne ya zama bishop na fari na Garwa.

Mutanen nan ba su zo da baki ɗaya a kan giya ba. Furotesta na fari 'ya'yan farkawa ne na Norwe da Amurka, sun taso cikin ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye. Revne ma ya baro Amurka ne dab da lokacin da ƙasar ta haramta sayar da barasa a 1920. A wurinsu barin giya yana cikin alamun fari na tuba. Sun kuma ga abin da aka ambata a baya, wato giya tana tsakiyar hadayar kakanni, wanda ya ƙi ƙwaryar ya fita daga hadayar ke nan. Dokar ta zama: mai bi ba ya sha, ba ya dafawa, ba ya sayarwa. Macen da aka samu da tukunya akan sa ta ƙarƙashin horo, a hana ta Jibin Ubangiji. Fadan Katolika, waɗanda suka fito daga ƙasar ruwan inabi, buguwa suka hana, ba ƙwaryar kanta ba. Baba Simon, wato Fada Simon Mpeke, ɗan kudancin Kamaru wanda ya zauna a Tokombere daga 1959 har kusa da rasuwarsa a 1975, an san shi da girmama dattawan duwatsu da al'adunsu, ba da rushe su ba.

Akwai wani abin da masu bi na Garwa da yawa ba su ji ba. Katharina von Bora, wadda Martin Luther ya aura a 1525, gwanar dafa giya ce. Gidansu na Wittenberg yana da izinin dahuwa, ita ce kuwa take dafa wa iyali da baƙi da ɗalibai. A Jamus ta wancan zamani aikin mata ne, kamar toya burodi. Sufaye ma a gidajensu na addu'a sun yi suna da shi. Da Katarina ta zo Yagwa a 1950 da tukunyarta, da dattawan ikkilisiyar da take ɗauke da sunan mijinta sun kira ta gaban majalisa.

Wannan ba ya nufin dattawan nan ba su da hujja. Sun ga rumbun da ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa domin an mai da dawar giya. Sun ga kuɗin auduga ya narke a mashaya cikin mako guda, sun ga matan da aka doka. Gidaje da yawa da suka bar giya sun sami abin sa yara a makaranta. Amma ita ma dokar ta yi nata ɓarna. Mai bi na fari a ƙauye, in ya kira gayya ba giya, wa zai zo? Sai masu bi suka koma yi wa juna gayya da kunu da tuwo, ƙauye ya rabu biyu. Gwauruwa kuma, ko matar da miji ya bari da yara, wadda ba ta da gona ba ta da jari, tukunyar nan ita ce sana'ar da take iya farawa da mudu kaɗan na bashi, ta biya jibi. Da aka ce ta bari, ba kullum ake nuna mata abin da za ta kama ba. Har yau majalisun ikkilisiya suna zama a kan irin wannan magana, ba a kuwa gama ta ba.

Kwalba ta zo, tukunya ba ta tafi ba

Abin da ya gagari Jamusawa, injin sanyi ya yi shi a zamanin Faransa. A 1948 wani kamfanin Faransa mai dafa giya da yin ƙanƙara a Indocina ya kafa Brasseries du Cameroun a Duwala. Daga baya kamfanin ya gina masana'anta a Garwa kanta. Giyar nan mai lamba 33 daga can Indocina sunanta ya fito. Mützig, wadda mutane da yawa suke ɗauka ta Jamus ce saboda sunan, ta wani ƙaramin gari ce a Alsas, yankin Faransa da Jamus ta riƙe daga 1871 zuwa 1918. Isenbeck ce mai asalin Jamus, daga garin Hamm. Dukansu na yistin ƙasa ne. Irin ta Kolon ba ta zama giyar kasuwa a nan ba.

Da ma'aikata suka yawaita a Garwa, garin Shugaba Ahmadu Ahidjo, da masaƙar CICAM da kamfanin auduga SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, kwalba ta zama alamar mai albashi. An zaci bilbil za ta mutu. Sai ga akasin haka. Daga shekarun 1970 gwamnati ta yi ta kwaso manoma daga Arewa Mai Nisa, inda ƙasa ta yi kaɗan, zuwa kwarin Binuwai: Mafawa, da Tupuri, da Giziga, da Mundang. Suka zo da fartanya, matansu suka zo da tukwane. A zamanin Ahidjo, lokacin da arewa duka lardi ɗaya ce ana mulkinta daga Garwa, gidajen bilbil a gefen gari suke raɓewa, hukumomi kuma sun sha ba da dokar hana dahuwa, musamman a shekarun ƙarancin hatsi. Doka takan yi aiki 'yan makonni, sa'an nan hayaƙi ya sāke tashi a bayan danga. Bayan 1982 aka sassauta. A 1993 gwamnati ta yanke albashin ma'aikata, a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Malamin makaranta da ɗan sanda waɗanda suka saba da kwalba suka koma zama a kan benci da ƙwarya, a gidajen da ake kira kabare.

Abin da ya fi cutar da mutane a shekarun nan ba bilbil ba ce, ba kuma kwalba ba. Arki ce, barasar da ake turarawa a ɓoye da tukunya da bututu, wadda ƙarfinta ya ninka na bilbil sau da yawa, in an yi ta da ganganci kuma tana makantarwa, tana kisa. Bayanta sai barasar leda mai arahar da ko yaro yana iya saye. Gwamnatin Kamaru ta ba da dokar hana ta leda a 2014, aka yi ta ɗaga wa'adin. A kan waɗannan biyu dai Katolika da Furotesta da limaman Musulmi bakinsu ɗaya.

Dawa kuwa ta sami hanyar shiga kwalba ta wata ƙofa. A 1988 Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, ya zama tilas kamfanonin giya su koyi aiki da dawa da masara. Matsalar da suka fara cin karo da ita, ita ce wadda aka bayyana a baya, ta sitacin da ba ya buɗewa sai zafi ya kashe sinadarin. Injiniyoyi suka warware ta da sinadarin saye da manyan tukwanen ƙarfe. A Kamaru ma kamfanonin giya sun shiga sayen masara daga wajen Ngaundare da dawa daga manoman arewa. Manomi ya sami mai saye da buhu buhu, amma mace mai tukunya da uwar gida mai neman na tuwo sun sami babban abokin gasa a kasuwar hatsi.

A yau wanda yake zaune a Garwa, in ya ce sai ya dafa giyar Kolon a gidansa, zai iya, in yana da kuɗi. Zai aika a kawo masa tsiron sha'ir da furen ɗaci daga Turai, ya keɓe firji guda domin ganga, ya yi ta addu'a kada wuta daga madatsar Lagdo ta ɗauke cikin mako biyar ɗin da yake bukata. Yistinsa ma cikin 'yar leda a rufe zai zo, tsararren iri ɗaya tak, bisa ga hanyar da Emil Hansen ya fito da ita a Danmak a 1883. Maƙwabciyarsa mai bilbil kuwa, in an shanye giya, takan kwashe abin da ya kwanta a gindin tukunya, ta shanya, ta ajiye domin dahuwa ta gaba. In nata ya mutu saboda zafi ko dogon ajiya, sai ta aiki yarinya gidan wata mai sana'ar da 'yar ƙwarya, a sammata.